Thomas Cripps da Tarihin Baƙar Fata a Finafinan Amurka: Tsokaci a kan Ayyukansa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a yi ɗan tarke a kan ayyukan Farfesa Thomas Cripps, wani masanin tarihi Ba'amurke da ya ƙarar da rayuwarsa ta ilimi wajen bin diddigin yadda baƙaƙen fata na Amurka suka shiga harkar fim, da yadda aka siffanta su a cikinta, da kuma yadda su kansu suka yi ta fafitikar siffanta kansu. An haife shi a birnin Baltimore cikin 1932, ya kuma rasu cikin 2018. Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa mujallar harshe da al'ada da wani malamin tarihi na wata nahiya. Dalili shi ne, matsalolin da ya ci karo da su, wato rashin madogara, da ɓacewar ayyukan da ake son nazari, da neman ma'aunin da ya dace a auna fasahar mutanen da aka danne, matsaloli ne da duk manazarcin adabi ya sani. Yadda ya warware wasu, ya kuma yi tuntuɓe a kan wasu, abu ne da ya cancanci a tsaya a duba.

Daga Tarihin Siyasa zuwa Majigi

Cripps bai fara da fim ba. Horon da ya samu na tarihin siyasa ne, kuma kundin digirinsa na uku, wanda ya kammala a Jami'ar Maryland cikin 1967, ya shafi yadda wani ɓangare na jam'iyyar Rifabulikan a kudancin Amurka ya yi ƙoƙarin korar baƙaƙen fata daga cikin jam'iyyar a farkon ƙarni na ashirin. Tun farkon shekarun 1960 ya kama aikin koyarwa a Kwalejin Morgan ta Baltimore, wadda ta zama jami'a cikin 1975, ya kuma zauna a can fiye da shekara talatin. Wannan makaranta tana cikin waɗanda aka kafa musamman domin baƙaƙen fata a zamanin da ƙofofin sauran makarantu ke rufe gare su. Shi kuwa Cripps farar fata ne. Ke nan Bature ne yake tsayawa gaban aji na 'ya'yan baƙaƙe yana koya musu tarihin iyayensu, a daidai lokacin da gwagwarmayar neman 'yanci take tafasa a kan tituna. Ina ganin wannan matsayi nasa ya yi tasiri a kan duk abin da ya rubuta daga baya, ta fuskar alheri da kuma ta fuskar da za a iya yi masa gyara.

Maƙalarsa da ta buɗe masa wannan hanya ta fito cikin 1963 a mujallar The Historian. A cikinta ya duba martanin da baƙaƙen fata suka mayar wa fim ɗin The Birth of a Nation na D. W. Griffith, wanda ya fito cikin 1915. Wannan fim ya ɗaukaka ƙungiyar Ku Klux Klan, ya nuna 'yantattun bayi a matsayin mutanen da ba su san ciwon kansu ba, har ma ya sa Turawa sun shafa baƙi a fuska sun fito a manyan matsayi na baƙaƙe. Masana fim na lokacin sun saba yabon gwanintar Griffith wajen ɗaukar hoto da harhaɗa shi, su kuma wuce batun cin mutuncin da ke ciki da jimla ɗaya ko biyu. Cripps sai ya juya ga 'yan kallo. Ya bi jaridun baƙaƙen fata, da takardun ƙungiyar NAACP da aka kafa cikin 1909, da zanga-zangar da William Monroe Trotter ya jagoranta a Boston, ya nuna cewa waɗanda aka ci wa fuska ba su naɗe hannu ba. A wancan lokaci malaman tarihi a jami'o'in Amurka ba su ɗauki fim abin nazari ba, wasan nishaɗi ne kawai a wurinsu. Saboda haka ƙaramin malamin da ke neman ci gaba a aiki ya zaɓi wannan fage, ya yi kasada da makomarsa.

Littafin Farko

Babban aikinsa shi ne Slow Fade to Black, wanda Madabba'ar Jami'ar Oxford ta buga cikin 1977, kuma ya ɗauko zance daga 1900 zuwa 1942. Ba shi ne littafi na farko a kan wannan batu ba. Donald Bogle ya riga shi da Toms, Coons, Mulattoes, Mammies, and Bucks cikin 1973, haka ma Daniel Leab da From Sambo to Superspade cikin 1975. Bogle, wanda shi baƙar fata ne, ya karkasa siffofin da Holiwud ta ƙaga wa baƙaƙe gida biyar, ya kuma nuna yadda wasu 'yan wasa suka iya saka mutuntaka cikin waɗannan ƙuntatattun riguna da aka ɗinka musu. Littafinsa ya fi daɗin karatu, ya kuma fi shiga hannun jama'a. Amma idonsa a kan allon majigi yake. Cripps ya zaga bayan allon ne, ya tambayi wane ne ya ba da kuɗi, wane ne ya rubuta labari, wace hukumar tace finafinai ce ta yanke wane wuri, wane gidan sinima ne ya yarda ya nuna, kuma a wane sashe na ɗakin aka zaunar da baƙar fata in ya sayi tikiti.

A nan ne ƙarfinsa yake, kuma ya kamata a jinjina masa. Ya karanta wasiƙun kamfanonin fim, da takardun George P. Johnson da ke ajiye a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis. Wannan George ɗan'uwan Noble Johnson ne, wanda ya kafa kamfanin Lincoln cikin 1916, ɗaya daga cikin kamfanonin fim na farko mallakar baƙaƙen fata. Ya bi jaridu irin su Chicago Defender da Pittsburgh Courier, ya kuma nemi tsofaffin 'yan wasa da ma'aikatan da ke raye ya zanta da su kafin ƙasa ta rufe musu ido. Da wannan ne ya iya ba da labarin The Birth of a Race na 1918, fim ɗin da Emmett J. Scott, sakataren Booker T. Washington, ya yi fatan ya zama raddi ga Griffith, amma da masu kuɗi suka shigo sai ragama ta suɓuce daga hannun baƙaƙe, aka ƙare da wani fim dabam wanda kusan babu ruwansa da su. Irin wannan labari ba a samunsa daga kallon fim, sai an zauna da tulin takardu masu ƙura.

Wani abin yabo kuma shi ne bai mai da baƙaƙen fata dunƙule ɗaya ba. Ya nuna saɓanin da ke tsakanin shugabannin ƙungiyoyi na gabashin ƙasar, masu son a goge matsayin bara da kuyanga daga finafinai, da 'yan wasan da ke zaune a Holiwud waɗanda da waɗannan matsayi suke ciyar da iyali. Hattie McDaniel, wadda ta karɓi lambar Oscar cikin 1940 saboda fitowarta baiwa a Gone with the Wind, tana cikin waɗanda suka ga cewa ana neman a taɓa musu abinci. Marubucin da ke neman tafi daga masu karatu da sai ya ɓoye wannan ɓaraka, amma Cripps ya baje ta a fili. Haka kuma ya taɓo fitar Paul Robeson zuwa Ingila neman matsayin da ya fi mutunci, inda ya faɗa cikin Sanders of the River na 1935, fim ɗin da aka gina labarinsa a kan Nijeriya ta zamanin Turawa, wanda ya ƙare da yabon mulkin mallaka har Robeson ya yi tir da shi daga baya.

Sai dai littafin yana da nauyin karatu. Sunayen finafinai da na mutane sukan yi ta kwarara shafi bayan shafi, har mai karatu ya rasa inda zaren hujja ya bi. Cripps ya tara hatsi mai yawa, amma bai sheƙe shi sosai ba.

Mene Ne Fim ɗin Baƙar Fata?

Shekara guda bayan wannan, wato 1978, sai ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi, Black Film as Genre, inda ya yi ƙoƙarin tabbatar da cewa fim ɗin baƙar fata rukuni ne mai zaman kansa, da jigoginsa da siffofinsa. Ya zaɓi finafinai shida ya warware su: The Scar of Shame da St. Louis Blues na ƙarshen shekarun 1920, da The Blood of Jesus na Spencer Williams na 1941, da The Negro Soldier na 1944, da Nothing But a Man na 1964, da kuma fim ɗin Melvin Van Peebles na 1971, Sweet Sweetback's Baadasssss Song.

Ma'anar da ya bayar tana da faɗi ƙwarai. A wurinsa, fim na iya shiga wannan rukuni in baƙar fata ne ya ɗauki nauyinsa, ko ya ba da umarni, ko ya rubuta, ko ya yi wasa a ciki, muddin an nufi 'yan kallo baƙaƙe da shi kuma ya haska rayuwarsu. To amma in aka duba finafinan shida, huɗu daga cikinsu Turawa ne suka ba da umarni. The Scar of Shame kamfanin wani Bature ne a Filadalfiya ya yi shi, The Negro Soldier kuwa na rundunar sojan Amurka ne. Williams da Van Peebles kaɗai ne baƙaƙe. Cripps zai ce ai gaskiyar tarihi ke nan, domin kusan babu fim ɗin wancan zamani da kuɗin Bature ko na'urarsa ba su shiga ba, kuma wanda ya ce sai tsantsa zai tashi hannu wofi. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma ta bar tambayar iko a buɗe, wato wane ne ke da magana ta ƙarshe a kan abin da zai fita da abin da za a yanke. Shi da kansa ya nuna a labarin The Birth of a Race cewa wannan tambaya ita ce komai, sai ga shi a nan ya sassauta mata.

Na sha cin karo da irin wannan rikici a aji. In aka tambayi ɗalibai mene ne fim ɗin Hausa, wasu sukan ce harshe ne ke yanke hukunci, wasu su ce asalin mai shiryawa, wasu kuma su ce sai al'adar da aka nuna, har su fitar da finafinan Kano masu raye-raye irin na Indiya daga cikin lissafi. Kowane ma'auni aka ɗauka sai ya kori wani abu da kowa ya san na gida ne, ko ya shigo da baƙo. Cripps bai raba wannan gardama ba a nasa fagen, amma yana cikin na farko da suka shimfiɗa ta yadda za a iya tafka ta.

Littafi na Biyu

An jira shekara goma sha shida kafin ci gaban littafin farko ya fito. Making Movies Black na 1993 ya ɗora daga 1942, shekarar da Walter White, sakataren NAACP, tare da Wendell Willkie, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa cikin 1940, suka zauna da shugabannin kamfanonin Holiwud suka karɓi alkawarin za a gyara yadda ake nuna baƙaƙe. Hujjar Cripps ita ce Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe wannan ƙofa. Gwamnati na bukatar baƙar fata a fagen fama da masana'antu, kuma abin kunya ne a yaƙi aƙidar fifikon jinsi ta Hitila a Turai alhali ana raya irinta a gida. Daga haɗuwar bukatar gwamnati, da matsin ƙungiyoyi, da lamirin wasu Turawa masu sassaucin ra'ayi, sai aka sami finafinan saƙo na 1949, wato Home of the Brave, da Lost Boundaries, da Pinky, da Intruder in the Dust, sannan No Way Out na 1950 wanda ya fito da Sidney Poitier.

Ta fuskar bincike wannan littafi ya fi na farko tsari. Ta fuskar hukunci kuwa, a ganina ya yi wa Holiwud sassauci. The Negro Soldier ya nuna sojan baƙar fata cikin mutunci, amma bai ce uffan ba a kan cewa rundunar da yake yi wa hidima a ware take, kuma haka ta zauna har Shugaba Truman ya ba da umarnin a daina cikin 1948. A Pinky da Lost Boundaries, Turawa ne, Jeanne Crain da Mel Ferrer, suka fito a matsayin baƙaƙen da fatarsu ta yi haske. Cripps ya san duk wannan, ya kuma faɗa. Amma a kullum yakan karkata ga cewa rabin mataki ya fi tsayuwa, kuma mafitar baƙar fata tana cikin shiga babbar masana'anta. Wannan ra'ayi ne na mutumin da ya balaga a zamanin da haɗa jinsuna a makaranta da wurin aiki shi ne babban buri, kuma ya ga amfaninsa da idonsa.

Batun Oscar Micheaux

Inda wannan karkata ta fi yi masa illa shi ne hukuncin da ya yanke wa Oscar Micheaux. Wannan mutum, ɗan 'yantattun bayi, ya yi noma a Dakota ta Kudu, ya rubuta littattafai yana yawo gida gida yana sayarwa, sannan ya shiga fim da The Homesteader cikin 1919. Daga nan zuwa The Betrayal na 1948 ya yi finafinai wajen arba'in, yana ɗaukar su da kansa daga gari zuwa gari yana ciniki da masu gidajen sinima. Shi ne ya fara sa Robeson a fim, cikin Body and Soul na 1925. Ya rasu cikin 1951.

A Slow Fade to Black Cripps ya yaba masa naci da dabarar kasuwanci, amma ya ɗauki finafinansa a matsayin aikin gaggawa, masu ƙarancin haske, da yankan da bai daidaita ba, da 'yan wasan da ake barin kuskurensu saboda babu kuɗin sake ɗauka. Da me ya auna su? Da ma'aunin Holiwud, wato santsin labari da kyan hoto waɗanda sai da dukiya mai yawa ake samu. Abin ya yi kama da a ɗauki ma'aunin aruli na rubutacciyar waƙa a ɗora wa waƙar makaɗin baka, a ce ta karye. J. Ronald Green ya ƙalubalance shi a kan wannan cikin littafin Black American Cinema da Manthia Diawara, ɗan ƙasar Mali, ya tace cikin 1993, ya kuma faɗaɗa hujjarsa a Straight Lick cikin 2000. Abin da Green yake cewa shi ne santsin Holiwud ba tsaka-tsaki yake ba, yana tafe da farashi, kuma duk wanda ya nemi wannan kuɗi dole ya miƙa wuya ga mai ba da shi. Ƙarancin kayan aikin Micheaux shi ne kuɗin da ya biya don ya faɗi abin da yake so. A cikin shekarar 2000 ɗin kuma Pearl Bowser da Louise Spence suka fitar da Writing Himself into History, inda suka karanta finafinansa ta idon mutanen da aka yi dominsu. Jacqueline Stewart ta ƙara zurfafa batun 'yan kallo a Migrating to the Movies na 2005, inda ta duba baƙaƙen da suka yi ƙaura daga kudu zuwa Shikago.

Ban yarda da Green ɗari bisa ɗari ba. Akwai wuraren da kuskure kuskure ne, kuma wasu finafinan Micheaux na shekarun 1930, bayan shigowar magana, suna da wuyar kallo ko da wane ma'auni aka zo. Manazarcin da ya mai da kowace kasawa hikima ya daina tarke ya koma kirari. Amma a babban batu Green ne ke da gaskiya.

Akwai kuma uzuri guda da ya wajaba a yi wa Cripps. Lokacin da yake rubuta littafinsa, mafi yawan finafinan Micheaux marasa magana sun ɓace, kuma har yau uku kaɗai suka rage. Ya dogara ne a kan tallace-tallacen jarida, da rahotannin hukumomin tace finafinai, da finafinan baya waɗanda su ne mafi rauni. Within Our Gates na 1920, wanda yanzu ake ɗauka babban aikin Micheaux, ba ya hannu. Sai daga baya aka gano kwafi ɗaya tak a ma'adanar finafinai ta Madrid a ƙasar Sifen, an canza masa suna zuwa La Negra. Haka ma The Symbol of the Unconquered, a Beljiyam aka tsinto shi. Mu ma mun san irin wannan, domin fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi cikin 1976 an daɗe ana zaton ya salwanta, sai cikin 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi aka nuna a Barlin cikin 2018. Duk wanda ya yi rubutu a kan Adamu Halilu a tsakanin waɗannan shekaru, da jin labari ya yi shi.

Wanda ya kalli Within Our Gates zai ga abin da ya kuɓuce wa littafin 1977. Labarin wata malamar makaranta ce, Sylvia Landry, wadda Evelyn Preer ta fito a matsayinta, da ta tafi arewa neman gudummawa don kada makarantar yaran baƙaƙe ta rufe. A ƙarshen fim aka koma baya aka nuna yadda gungun Turawa, har da mata da yara, suka rataye iyayen riƙonta. Micheaux ya riƙa yanka hoto tsakanin wutar da ake ƙona gawarwakin da ita, da ɗakin da wani Bature ke kokawar yi wa Sylvia fyaɗe, har ya ga tabo a ƙirjinta ya gane 'yarsa ce ta cikinsa. Wannan dabara ta kai-komo tsakanin wurare biyu ita ce aka fi yabon Griffith da ita, kuma da ita ya nuna baƙar fata na farautar 'yar Bature. Micheaux ya karɓe makamin ya juya bakinsa. Fim ɗin ya fito watanni kaɗan bayan tarzomar jinsi ta Shikago ta 1919, kuma sai da aka kai ruwa rana da hukumar tace finafinai ta birnin kafin ta bari a nuna shi. Mutumin da bai san abin da yake yi da almakashi ba ba zai iya wannan ba.

Cripps bai yi taurin kai ba. A cikin littafin nan na Diawara da aka soke shi, shi ma yana da maƙala a kan Micheaux, inda ya sake duba mutumin bisa abubuwan da suka bayyana bayan littafinsa, ko da yake bai sauka gaba ɗaya daga ra'ayinsa a kan muhimmancin shiga Holiwud ba. A wannan shekara ta 1993 ne Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya gyara kwafin na Madrid. Rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna, wanda shi ne bakin fim mara magana, duk an riga an mai da shi Sifaniyanci, in ban da 'yan kaɗan da suka tsira. Sai da aka sake juya shi zuwa Ingilishi, ana leƙa littattafan Micheaux da rubutun Body and Soul don a kusanci irin kalmomin da yakan zaɓa. Ke nan maganganun da ɗalibi ke karantawa a bakin Sylvia Landry a yau sun bi ta hannun masu fassara biyu, kuma akwai wani wuri a tsakiyar fim ɗin da hoton ya ɓace, aka cike gurbinsa da 'yan layukan bayani.